Hayaƙin Ɗaɗɗoyar Daji

Ranar da aka zo ɗaukar Laraba ban tatse ta ba. Ina tsaye a bakin rumfa da bokiti a hannu na ga a-kori-kura tana shigowa gidanmu da baya-baya, sai na dangwarar da bokitin na ce wa mijina, Chuwang, ni ba zan tatsi saniyar da za a kai wa wuƙa ba, in madara yake so ya durƙusa ya tatsa da kansa. Bai tanka ba. Haka yake tun da na san shi, in na ɗauki zafi sai ya yi gum, kuma wannan shirun nasa shi ke ƙara tunzura ni.

Laraba saniya ce mai baƙi da fari, irin ruwa-biyun nan na shanun Turawa da ake gani a wajenmu nan Vom. Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana tatsar shanun da ba nasa ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayi 'yar maraƙa guda, ita ta haifi uwar Laraba, uwar kuma ta haifi Laraba wata ranar Laraba da damina. Da zai rasu bai bar mini fili ba, bai bar mini gida ba, igiyarta ya sa aka miƙo mini. Ya kuma bar mini fitonsa, wani ɗan gajeren fito mai hawa da sauka da yake kiran shanu da shi. Ana cewa mace ba ta fito, ni kuwa ina yi, kuma ko daga ina Laraba ta ji shi sai ta taho da gudu. Haihuwarta uku a hannuna, duka maza, duk mun sayar. Ke nan in ta tafi, shanun babana sun ƙare.

Ciyawa ce ta kai mu ga wannan safiya. Ɗaɗɗoyar daji muke ce mata, don ganyenta ya yi kama da ɗaɗɗoyar miya, amma ita wannan ko akuya ba ta kallonta. Wasu sun ce tifofin da suka kawo jar ƙasa lokacin gyaran hanya su suka zo da irinta, wasu sun ce a jelar shanun da ke wucewa ta zo. Ni dai na san shekarar farko 'yan tsiraru ne a bakin kwalbati, har ina tsinka ina shinshinawa ina cewa ƙamshi. Cikin damina uku ta cinye filin da ke bayan tsohon ramin kuza, inda shanun unguwarmu ke kiwo tun ina yarinya. Ta fi ni tsawo, ganyenta da gashi-gashi da danƙo, ga wasu ƙananan furanni shuɗaye kamar abin kirki. In ta bushe, kwansonta ya maƙale a zani, a jelar saniya, a gashin kare, duk inda ka je ka kai mata iri. Mun sare ta, ta tofo. Mun ƙone ta da rani, ruwan farko ta fito ta fi da yawa. A ƙarƙashinta ko tsinke ɗaya na ciyawar kirki ba ya rayuwa.

Dole na daina kora Laraba kiwo. Na ɗaure ta a rumfa, ina yawo da lauje har bakin rafi ina yanko mata ciyawa, ina haɗa mata da dusa. Saniyar da ta saba yawo ta koma tsayuwa wuri ɗaya, ƙudaje da sauro suka samu gida. In ina tatsa sai ta yi ta shure-shure, sau biyu tana kifar mini da bokiti. Wata rana ina ƙona tarin ɗaɗɗoyar da na sassare daga gindin katanga, sai na lura ko ƙuda ɗaya bai rage a tsakar gida ba. Na ce to, 'yar banza, kin cinye mini fili, yanzu sai ki yi mini aiki. Daga ranar, safe da yamma, kafin in tatsa sai in zuba garwashi a wani tsohon kasko in ɗora ɗanyen ganyen, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Laraba ta natsu. Har ta kai da ta ji warin hayaƙin sai ta gyara tsayuwa, madara ta fara ɗiga tun ban taɓa ta ba. Bokitin da farin ƙyallen da nake tace madara da shi kuwa, na buga musu ƙusa a jikin ginshiƙi daidai saman kaskon, don kada ƙuda ya sauka musu. Ba irin fankamar da ban yi wa matan cocinmu ba a kan wannan dabara.

Hajiya Tabawa ce ke karɓar madarata. Tana yin yogot a bayan kasuwar Terminus a cikin gari, shekara shida muna tare ba a taɓa jin kanmu ba. Wata Talata na kai mata jarka, ta buɗe ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce madarar nan da wani ɗaci-ɗaci, kamar an jiƙa magani a ciki. Na karɓa na kurɓa, ban ji komai ba. Ina zan ji? Zanina, gashina, har tuwon gidana warin nan ne, hancina ya daɗe da mutuwa. Amma a lokacin ban yi wannan tunanin ba. Abin da na yi shi ne na kama ƙugu a ƙofar shagonta na ce in mai araha ta samu ta faɗa mini kai tsaye, ta bar yi wa saniyata sharri. Baiwar Allah ta yi haƙuri da ni har mako biyu, tana karɓa tana zubarwa a kwata, sannan ta ce in dakata tukuna har a gano matsalar. Na kai wa wasu mutum biyu, su ma suka dawo mini da jarkata.

Mun kira likitan dabbobi. Ya duba hantsar, ya auna zafin jikinta, ya tatsi kaɗan a kwalbarsa ya tafi da ita, bayan kwana uku ya dawo ya ce shi bai ga komai ba. Ya tambaya ko tana cin ciyawar nan da ta zagaye gidan, na ce ko a mafarki. Da rana tsaka yake zuwa, kaskon yana kife a gefe, warin kuwa duk unguwar haka take. Bai tambayi zancen hayaƙi ba, ni ma ban ga abin faɗa ba.

Nan ne hankalin Chuwang ya tashi. Ya ce ciwon da likita bai gani ba shi ne mugun ciwo. Maƙwabta suka daina barin shanunsu su sha ruwa kusa da gidanmu, wani ma ya ce ai hantarta ce ke ruɓewa a ciki. Chuwang ya tuna saniyar kawunsa da aka wayi gari aka same ta a ƙasa, aka binne ta haka nan ko ganda ba a samu ba. Ya ce gara a rabu da Laraba tana kan ƙafafunta. Ya je ya yi magana da Datti, wani mahauci a Abattoir, babbar mayankar gari, da suka san juna tun suna samari. Ran Lahadi bayan coci muka yi ta ja har tuwo ya huce. Ni ma na gaji, wata biyu ina tatsa ina zubarwa, kuma tsoro ya shige ni ko gaskiya ne mutuwa take yi a hankali. Da bakina na ce ya tafi da ita.

Amma faɗa daban, ganin ana tura ta cikin mota daban. Ta ƙi hawa, tana waigo na, hantsarta a cike har tana tafiya a buɗe. Da suka rufe ƙofar baya, Chuwang ya zo ya tsaya gabana kamar zai ce wani abu, ni kuwa na riga shi.

"Babana ya ba ni saniya, ya ba ni miji. Yau na san wanda ya fi amfani a cikinku. Kuma kada ka neme ni a waya."

Ya kalle ni, ya gyara hularsa, ya shiga gaban motar. Na ji ciwon maganar tun ba ta gama fita ba, amma ban janye ta ba.

Ina zaune a kan turmi ina kallon rumfar da ba kowa, sai ga Ngo Klaudiya, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita. Ita kaɗai ce ba ta guje mu ba. Ta shigo da ɗan tulun roba cike da madarar saniyarta, da ɗuminta, ta ce ta san ban sa komai a baki ba, in tashi in dafa mana shayi. Na tashi don kada in yi mata rashin kunya. Hannu ya saba, na je na ɗauko bokitina inda na dangwarar da shi, na sauko da ƙyallena daga ƙusa, na juye rabin madarar na tace, na ɗora a wuta. Na zuba mata a kofi na miƙa.

Ta kurɓa sau ɗaya ta tsaya. Ta juya ta tofar a ƙasa, ta dafe ƙirji ta ce shi ke nan, ciwon ya kama tata saniyar ita ma. Na ce ta bari mana, yanzu fa ta tatso. Ta jawo tulun robar ta kai baki, ta sha sauran da ban taɓa ba. Ta sake kurɓar na kofin, ta sake komawa na tulun. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki ƙyallen daga bakin bokiti, ta kai hanci, ta kawar da kai da sauri.

"Firisila, a ina kike shanya wannan?"

Na nuna mata ƙusar. Ta kalli ƙusar, ta kalli kaskon da ke ƙarƙashinta, ta kalli baƙin da hayaƙi ya yi wa ginshiƙin. Nan take na gane. Farin ƙyallen nan ya koma ruwan ƙasa tun tuni, ni ina cewa tsufa ne. Wata biyu ina tace lafiyayyar madara ta cikin hayaƙin ɗaɗɗoyar daji, ina zagin mutane a ƙofar shagunansu. Laraba lafiyarta ƙalau, ni ce ciwon.

Na ruga ɗaki na ɗauko waya. Ƙarfe takwas saura kwata. Na kira Chuwang, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, na sake. Na san wayar tana aljihun gaban rigarsa, na san yana jin ta, na kuma san abin da ya hana shi ɗauka, yana tsammanin ragowar zagin ne na biyo shi da shi. Ba ni da lambar Datti. Na tura saƙo, alhali na san Chuwang ba ya karanta saƙo sai ya sa tabarau, tabarau kuwa ga shi nan a kan tebur. Na cusa ƙyallen a ƙugu, na fita da silifas ɗin wanka, ko ɗankwali ban gyara ba. Ngo Klaudiya tana bina da addu'a har bakin titi.

Tasin da na samu saura mutum biyu ta cika. Na ce wa direba ya tashi, zan biya kuɗin kujerun. Ya ce Madam lafiya, na ce in lafiya ce zai gan ni da takalmin wanka? Muka kama hanya, gefe da gefe ɗaɗɗoyar daji ce tsaye har inda ido ya kai, ta yi fure, iska tana kaɗa ta. A shingen sojoji aka tsayar da mu, aka buɗe but ɗin motar, aka rufe, ba wanda ke sauri sai ni. A Bukuru wata tirela ta lalace a tsakiyar titi, motoci suka yi cirko-cirko. Ina kallon agogon motar ina lissafin yadda ake yi a mayanka: da safe ake yanka, kafin goma an gama, nama ya fita kasuwa. Na kira Chuwang sau goma sha huɗu. Wata mata a gefena ta ce ko mara lafiya gare ni a asibiti, na ce i, don ba ni da bakin bayani. Da na ga ba ma motsi sai na fita na ratsa motocin a ƙasa, na tsallake tirelar, na faɗa keke napep a can gaba. Silifas ɗaya ya tsinke, na cire duka biyun na riƙe a hannu.

Tara da minti goma na isa Abattoir. Wari da hayaƙin babbaka suka tare ni, ga masu baro suna fitowa da cinyoyi, kowace na gani sai in duba ko da sauran baƙi da fari a jikinta. A gindin wata bishiya kusa da ƙofa na ga Chuwang zaune a kan benci, ya sunkuyar da kai, baƙar ledar kuɗin saniyar a cinyarsa. Ashe ya kasa tafiya. Da ya gan ni ba takalmi ya miƙe. Ban zage shi ba, ba lokaci. Na tura masa ƙyallen a hanci na gaya masa cikin kalma biyar ko shida. Fuskarsa ta sauya. Ya ciro wayar ya kalli yawan kiran, ya ce ƙarfe takwas daidai ya sallama wa Datti. Kirana na farko ya shigo ana tsakiyar ciniki.

Tana da rai. Na hango ta can cikin layi, ita ce ta uku daga bakin simintin da ake yanka, ta fi duk shanun da ke wurin girma, an shafa mata jan fenti a gadon baya. Ba ta gan ni ba.

Datti dogo ne mai furfura a gemu, rigarsa duk jini. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi ƙyallen ya shinshina, ya je ya shinshina wuyan Laraba, ya dawo yana girgiza kai. Ya ce shi ma tun da aka sauke ta ya ce wannan ba ta yi kama da mara lafiya ba, har ya ce wa Chuwang ya kira gida ya sake shawara, Chuwang ya ce matar gidan ta riga ta yanke hukunci. Na haɗiye wannan. Chuwang ya miƙa masa ledar yadda aka ba shi, ko kwance ta bai yi ba. Datti bai karɓa ba.

"Madam, ba ƙi na yi ba. Saniyar nan kina ganinta a tsaye, amma an riga an raba ta."

Ya yi mini bayani. A wurinsu ba mutum ɗaya ke cin saniya ba. Tun tana numfashi kowa ya kama nasa: shi nama, wani kayan ciki, wani fata, kai da ƙafa kuma na wata mai farfesu. Kowa ya riga ya yi wa masu jiransa alkawari. Ya ce shi ya yafe nasa, amma ba shi da ikon yafe na wani, in aka fara haka gobe ba wanda zai yarda da maganarsa a mayanka. Sai in bi su ɗaya-ɗaya. Ina cikin jin wannan aka ja saniyar da ke gaba aka kayar, Laraba ta zama ta biyu. Na ce ya fitar da ita daga layi mana. Ya ce layin ba nasa ba ne, in ya fitar da ita kuma ba a daidaita ba ya rasa yankan yau gaba ɗaya, shi da mutum uku. Amma zai tsaya kusa.

Mai kayan ciki bai ba ni wahala ba, ya ji labarin ya yi dariya ya ce Allah ya kyauta, in je ya yafe. Mai fata sai da na zagaya bayan gini na same shi yana zuba gishiri, ya ja rai kaɗan, Chuwang ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ce ya bari. Da muka dawo ta gaban layin na ga an kayar da wadda ke gabanta. Saura Laraba.

Mai farfesun sunanta Theodora, ƙatuwar mace da takalmin roba har gwiwa, tana zaune a kan bokitinta a kife tana danna waya. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce tukunyarta tana kan wuta, masu cinta ƙarfe sha biyu suke zuwa, kuma kan saniya mai girman wannan ba kullum ake samu ba. Ta ce kowace rana sai wani ya zo nan yana kuka, in za ta bi ta kuka da ta rufe shago. Na san maganar da zan gaya mata, a shirye take a kan harshena. Na waiga, na ga maza biyu sun kama igiyar Laraba suna jan ta kan simintin, malamin da ke yanka yana wanke wuƙarsa a famfo. Sai na haɗiye maganar. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba in ba a coci ba, na zube gwiwa biyu a cikin ruwan jinin nan, na riƙe takalminta. Na ce mata saniyar babana ce, ita ce ta ƙarshe, ba ta yi laifin komai ba, ni na yi. Na ce ta zage ni in tana so, na cancanta.

Ta daina danna wayar. Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna, ta ja tsaki ta ce in tashi kada in ja mata bakin mutane. Ta ɗaga murya ta ce wa Datti in ya yanka wata saniyar a gaba, kan nata ne, kuma shi zai biya mai babbaka. Datti ya ce ya ji.

Ya ɗaga hannu ya yi wa malamin magana. An riga an zarga wa Laraba igiya a ƙafar baya, saura a ja ta faɗi. Na ga an kwance igiyar. Na ga Datti ya karɓi ledar daga hannun Chuwang, ya ce a gaban kowa ciniki ya warware, saniya ta koma ga mai ita. Daɗi ya rufe ni har ban san inda nake ba. Na ji Datti yana cewa a juyo da ita a hankali, simintin da santsi, amma maganar ta wuce ta saman kaina. Tun safe take waigo tana nemana, na so ta san na zo. Na haɗa leɓe na yi fiton babana.

Ta ɗaga kai. Ta juyo gaba ɗaya lokaci guda, yadda take yi a fili, ta fizge igiyar daga hannun mutumin da ke riƙe da ita, ta yunƙuro. Simintin jiƙe yake da ruwa da jini da kitse. Ƙafafunta na baya suka tafi, ɗaya gabas ɗaya yamma, duk nauyin nan ya sauka a kansu. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an taka busasshen icce.

Maza shida suka sa hannu, suka zura igiya ta ƙarƙashin cikinta suka ɗaga. Ta kafa ƙafafun gaba, na baya suka bi ƙasa kamar ba nata ba. Suka sauke, suka sake gwadawa, ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, na ce su bari. Aka kira ma'aikacin da ke duba nama, ya tsuguna ya lalluba ƙugunta, ya ɗaga ƙafar ya saki. Ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, saniya mai wannan nauyi ba ta tashi daga irin wannan, ko an kai ta gida kwana biyu za ta yi tana wahala. Masu jiran layi ba wanda ya ce a yi sauri. Theodora ta taso daga kan bokitinta ta tsaya a bayana.

Datti ya matso, ya rage murya.

"Taki ce yanzu, Madam, mun mayar miki. Ba mai sa mata wuƙa sai kin ce."

Chuwang ya dafa kafaɗata ya ce in fita waje, shi zai faɗa. A ranar ne na ji muryarsa tana rawa karo na farko tun aurenmu. Na ce a'a, Chuwang, ni na kira ta.

Na zauna a simintin na ɗora kanta a cinyata. Idonta yana ta juyawa, tana kallon wuƙa, tana kallon mutane, numfashinta sama-sama. Ba ni da abin da zan rufe mata ido sai ƙyallen nan, na zaro shi daga ƙugu na shimfiɗa mata a fuska. Ta ja numfashi ta cikinsa sau ɗaya, sau biyu. Sai na ji wuyanta ya saki. Warin da ta sani ne, warin safiya a rumfarta, ta ɗauka lokacin tatsa ya yi. Hantsar da na ƙi taɓawa da safe ta sake, madara ta fara zuba da kanta, fara tas, tana bin simintin.

Na miƙa hannu na tara a tafina na kai baki. Da ɗuminta, da garɗinta, babu abin da ya same ta. Na sake tarawa na miƙa wa Chuwang, ya durƙusa ya sha a hannuna. Sannan na ɗaga kai na ce wa Datti ya kira malamin. Ban cire mata ƙyallen ba har aka gama.